Kuɗin yaƙi da maleriya da tarin fuka da ƙanjamau: ta ina suke biyowa, a ina suke maƙalewa?

Auwalu Gumel

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kowace shekara sai mun ji a rediyo an ce ƙasashen duniya sun tara dala biliyan kaza domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma Najeriya tana sahun gaba cikin masu amfana. Amma a ƙananan asibitocin karkara sau da yawa za a ce wa uwa babu abin gwajin zazzaɓi, ko a rubuta mata magani ta je kemis ta saya, alhali an ce kyauta ne. To su wa ke ba da kuɗin nan, hannun wa suke shiga, kuma a wane mataki abin yake lalacewa? Sannan tun da aka ce Amurka ta janye tallafi a 2025, me ya tsaya, me ya ci gaba? Ina roƙon waɗanda suka san aikin su warware mana dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.

Hajiya Rabi

Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Da farko kada ka ɗauka buhunan daloli ake saukewa a Abuja. Kaso mai tsoka na tallafin nan ba ya shigowa a matsayin tsabar kuɗi ko kaɗan. A can waje ake biyan kamfanin da ya yi maganin ko gidan sauron, mu kaya muke gani a kwantena.

Manyan masu bayarwa ba su da yawa. Akwai asusun Global Fund da aka kafa a 2002, mazauninsa Janeba, kuma tushen maganarsa yana da alaƙa da mu, domin a taron shugabannin Afirka na Abuja a watan Afrilun 2001 ne Kofi Annan ya yi kira da a kafa irin wannan asusu. Akwai na gwamnatin Amurka kai tsaye: PEPFAR na ƙanjamau tun 2003, da PMI na maleriya tun 2005. Akwai Gavi mai sayen alluran rigakafi. Sai Bankin Duniya da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, waɗanda nasu yawanci rance ne, za a biya. Bari in tsaya a kan Global Fund, tunda shi ne ke ba da kusan kashi uku cikin huɗu na duk kuɗin waje da ake kashewa kan tarin fuka, da fiye da rabin na maleriya.

Duk bayan shekara uku ake taron cika asusu. A Liyon ta Faransa a 2019 an yi alkawarin dala biliyan 14. A 2022 an nemi biliyan 18, aka tashi da 15.7. A Johannasbag a Nuwamban 2025 an sake neman biliyan 18, abin da aka sanar a ranar bai wuce 11.34 ba. Ka lura, alkawari ne, ba kuɗi a hannu ba. Kuma dokar Amurka ta hana ta ba da fiye da kashi ɗaya cikin uku na jimillar, wato duk dalarta ɗaya sai wasu sun kawo biyu. Idan Ingila ko Jamus ta rage nata, wani ɓangare na kason Amurka ma sai ya ƙi fitowa. Ragin ƙasa ɗaya yakan zama ragi biyu.

Bayan taron sai a raba. Ana fara yanka kuɗin tsakanin cututtukan uku: a rabon da ya biyo bayan taron 2022, a dala biliyan 12 na farko, kashi 50 cikin 100 na ƙanjamau, 32 na maleriya, 18 na tarin fuka, abin da ya haura haka sai kason tarin fuka ya ɗaga zuwa 25. Daga nan kowace ƙasa ta samu rabonta bisa abu biyu, yawan masu cutar da kuma ƙarfin arzikinta. A zangon 2024 zuwa 2026 Najeriya ta samu kimanin dala miliyan 933. Adadin yana da girma a kunne, amma raba shi gida uku na shekaru, sannan ka raba wa mutum sama da miliyan 200: bai kai dala ɗaya da rabi ba ga kowane mutum a shekara, kuma na cututtuka uku ne.

Wasiƙar rabon tana zuwa wurin kwamitin ƙasa da ake kira CCM. A cikinsa akwai gwamnati, da ƙungiyoyin farar hula, da malaman addini, da wakilan masu ɗauke da cututtukan, kuma ƙa'ida ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kujerun su kasance ba na gwamnati ba. Kwamitin ne ke rubuta buƙatar ƙasa, wasu ƙwararru masu zaman kansu su duba ta a Janeba, su amince ko su mayar a gyara. Shi ne kuma ke zaɓar manyan masu karɓa, waɗanda za su sa hannu a kan yarjejeniyar su ɗauki alhakin kowane kwabo. A Najeriya akwai hukumomin gwamnati irin su NACA mai yaƙi da ƙanjamau da shirin kawar da maleriya na ƙasa, akwai kuma ƙungiyoyi irin su Catholic Relief Services. Su kuma sai su miƙa wa ƙananan masu karɓa a jihohi. Asusun ba shi da ofis a kowace ƙasa, sai dai ya ɗauki kamfanin binciken kuɗi ya zame masa ido.

Inda abin ya fi maƙalewa a wannan matakin shi ne takardu. Ba a sakin kuɗin shekara uku lokaci guda. Kashi-kashi ake saki, kuma na gaba ba ya fitowa sai an kawo rahoton na baya da rasit. Misali an yi horon ma'aikata 200 a wata jiha, aka biya alawus, amma takardar sa hannun mahalarta ta ɓace ko lambobin wayarsu ba sa shiga. Mai bincike zai ce wannan kuɗi ba a tabbatar da shi ba, sai a mayar. Ƙasar da ta ƙi mayarwa har aka gaji da bin ta, ana iya cire mata ninki biyu daga rabonta. Kafin a warware wannan, wata uku sun wuce, aikin da ke jiran kuɗin ya tsaya. Abin da ya fi ciwo, kuɗin da ba a kashe ba har zangon ya ƙare ba ya bin ƙasar zuwa zango na gaba, komawa tukunyar gayya yake yi.

Tsananin nan yana da dalili. A farkon 2011 labarin almundahanar da masu binciken asusun suka bankaɗo a Mali da Muritaniya da Jibuti da Zambiya ya bazu a duniya, Jamus ta riƙe kuɗinta, kuma a Nuwamban shekarar aka soke zagayen tallafi na 11 ɗungurungum. A 2016 binciken da aka yi a Najeriya ya sa aka dakatar da sakin kuɗi ga wasu hukumomi na wani lokaci. Tun daga nan aka ƙara matakan tsaro. Ina ganin sun rage sata sosai, amma sun ƙara jinkiri, kuma mara lafiya ne yake biyan kuɗin jinkirin.

Malam Isuhu Maraɗi

Hajiya ta yi bayanin sama, Allah ya ƙara sani. Ni zan ɗora daga tashar jirgin ruwa zuwa ƙauye, domin a ganina, Malam Auwalu, amsar tambayarka ta fi yawa a nan.

Sauro yana da lokacinsa, kuɗi kuma suna da nasu, kuma ba kullum suke haɗuwa ba. A ƙasar Hausa zazzaɓi yana tashi ne daga Yuli zuwa Oktoba. Duk kayan da bai iso ba kafin damina ta kankama, rabin amfaninsa ya tafi.

Ɗauki gidan sauro. Ana rabon gayya duk bayan shekara uku, domin maganin jikinsa yana raguwa, shi ma yana yagewa. Lissafin sayayya shi ne gidan sauro ɗaya ga mutum 1.8, ba 2 ba, saboda gidajen da adadin mutanensu mara ne. Jiha mai mutum miliyan 5 tana buƙatar kimanin gidan sauro miliyan 2.8, wato dila sama da 55,000 idan kowace dila tana da 50. To miliyan 5 ɗin daga ina aka samo ta? Ƙidayar ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, a Nijar ta 2012. Hasashe ake yi, sai a ƙara har kashi 10 cikin 100 don tsaro. Idan aka zo rajistar gida-gida aka tarar mutane sun fi hasashen, ba a iya yin sabuwar oda a mako biyu, domin daga ba da oda zuwa isowar kaya yakan ci fiye da rabin shekara. Sai a sa iyaka, a ce kada gida ya wuce guda huɗu. Babban gida mai mata uku da 'ya'ya goma sha, idan mai rajista ya rubuta shi a matsayin gida ɗaya maimakon ya bi tukunya-tukunya, yara da yawa za su kwana a buɗe har shekara uku.

Sannan sauron kansa ya canza. Tsohon maganin da ake shafa wa gidan sauro ya daina kashe shi yadda ya kamata a yawancin Afirka ta Yamma, shi ya sa aka koma sabon samfuri mai magani iri biyu. Ya fi aiki, ya kuma fi tsada. Idan kuɗin bai ƙaru ba, ko a rage yawan gidajen sauron, ko a rage jihohi.

Wanda ya fi komai rashin haƙuri da jinkiri shi ne maganin rigakafin damina na yara, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Ana bai wa yaro daga wata 3 zuwa wata 59, sau huɗu a damina, wasu wuraren sau biyar, tsakanin kowane zagaye kwana 28. Ranar farko mai rabo ne da kansa yake narka ƙwayoyi biyu a cokali ya ba yaron a gabansa, ya jira rabin awa, idan ya amayar a sake ba shi. Ƙwayar rana ta biyu da ta uku sai a bar wa uwa. Ba a bai wa yaron da ke cikin zazzaɓi, shi asibiti ake tura shi, ko likita kamar yadda muke cewa a nan Nijar. A gwaje-gwajen da aka yi ya rage kamuwa da kimanin kashi uku cikin huɗu. A 2023 yara wajen miliyan 53 aka bai wa a Afirka, fiye da rabinsu a Najeriya. Ƙwayar ba ta da tsada. Tsadar tana wajen dubban masu rabo da ke bin gida-gida, da horonsu, da man babur na masu duba su. Idan alawus ɗin zagaye na farko bai fito ba har na biyu ya zo, masu rabo sukan ja baya, kwana 28 ya zama 40, kuma kariyar ƙwayar ba ta kai haka ba. A takarda za a rubuta an yi zagaye huɗu, amma a tsakani yaran sun yi mako biyu babu kariya a tsakiyar Agusta.

Maganar babu abin gwaji a asibitin karkara kuwa, yawanci ba ƙarewa ya yi a ƙasar ba. Yana jibge a babban sito. Ƙaramin asibiti yana cika fam na abin da ya yi amfani da shi da abin da ya rage, da shi ake lissafa abin da za a kawo masa. Idan ma'aikaci ɗaya ne ke duba marasa lafiya, shi ne ke ba da magani, shi ne ke cika rajista, rahoton yakan makara ko a cika shi da ka. Wani kuskuren da ake yawan yi: asibitin da ya yi wata guda babu kaya sai ya rubuta ya yi amfani da sifili, na'ura ta ɗauka buƙatarsa kaɗan ce, a kawo masa ƙasa da na da. Dole a rubuta yawan kwanakin da aka yi babu kaya, a gyara lissafin da su. Kuma oda ta watan Yuni ba a yin ta da alƙaluman Maris, lokacin da zazzaɓi ya kwanta.

A Najeriya an raba jihohi ne tsakanin masu tallafi: Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna suna ƙarƙashin Global Fund, Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Bauci suna ƙarƙashin PMI, wasu kuma aka bar su da rancen bankuna. Shi ya sa za ka ga maƙwabtan jihohi biyu, ɗaya da kaya ɗaya babu. Mu a Nijar matsalarmu ta ƙaru da hanya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo da tsada da haɗari. Ga shi kuma a ƙididdigar 2023, cikin mutum kusan 597,000 da maleriya ta kashe a duniya, Najeriya ce ta ɗaya da kimanin kashi 31 cikin 100, Nijar ta uku da kusan kashi 6.

Auwalu Gumel

Na gode ƙwarai, Hajiya da Malam Isuhu. Yanzu na fara ganin bakin zaren. Amma idan haka ne, ashe ba ƙarancin kuɗi ne matsalar ba, rashin tsari ne? Kuma har yanzu ina jiran bayanin abin da ya faru bayan janyewar Amurka.

Likita Bashir

A'a, Malam Auwalu, kada ka tafi da wannan fahimtar. Rashin tsari yana nan, amma kuɗin ma ba su kai ba, ko kusa. A 2023 duniya ta kashe dala biliyan 4 kan maleriya, alhali abin da aka ƙiyasta ana buƙata biliyan 8.3 ne. A tarin fuka an samu biliyan 5.7, burin da aka sa a Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa biliyan 22 ne a shekara kafin 2027. Ko da kowane rasit ya cika, kowace mota ta iso a kan kari, rabin aikin ne kawai aka biya.

Akwai kuma wani amfanin asusun nan da ba a cika faɗa ba, kuma a wurina ya fi kuɗin kansu: karya farashi. A shekarar 2000 maganin ƙanjamau na mutum ɗaya a shekara ya haura dala 10,000. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin dala 350. Da masu tallafi suka riƙa haɗa odar ƙasashe da yawa suna saye a dunƙule, sai farashi ya ci gaba da sauka. Ƙwaya ɗaya tak a rana da ake sha yanzu, mai ɗauke da dolutegravir, an daidaita kuɗinta na shekara a dala 75 a 2017, a 2023 ta sauka ƙasa da 45. Kwanson gwajin tarin fuka na na'urar GeneXpert ya tsaya a dala 9.98 tun 2012, sai a 2023 aka sauke shi zuwa 7.97. Jihar da ta ce za ta sayi nata ita kaɗai, 'yan katan ɗari, ba za ta samu wannan farashin ba. Don haka ko ranar da muka fara biya da kuɗinmu, hikima ita ce mu ci gaba da saye ta wannan kasuwar ta haɗaka.

Game da 2025: ranar 20 ga Janairu shugaban Amurka ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin waje na kwana 90, bayan 'yan kwanaki aka aika wa masu kwangila takardar su tsayar da aiki nan take. Daga baya an ba da sassauci ga magungunan ceton rai, amma hukumar USAID da ke riƙe da yawancin kwangilolin an rushe ta, a farkon Yuli sauran ayyukanta suka koma ma'aikatar harkokin waje. Abin da ya fara tsayawa ba ƙwayar magani ba ce. Abubuwan da ke kewaye da ita ne: ma'aikacin wucin-gadi mai shigar da bayanai a kwamfuta, mai bin sawun wanda ya daina zuwa karɓar magani, ɗan babur mai kai samfurin jini da kaki ɗakin gwaji, motar da ke kai kaya daga sito.

Dubi tarin fuka ka ga yadda sarƙar take. Najeriya ta gano masu cutar kimanin 120,000 a 2019, a 2023 ta gano sama da 370,000 cikin kusan rabin miliyan da ake ƙiyasin suna kamuwa a shekara. Ba sabon magani ne ya kawo wannan ba, neman marasa lafiya ne da kai kakinsu inda na'ura take. Na'urar tana ba da sakamako cikin kimanin awa biyu, har ta nuna ko ƙwayar cutar ta bijire wa maganin rifampicin. Amma tana son wuta mara yankewa, da ɗaki mai sanyi wanda bai haura digiri 30 ba, da gyaran ma'auni duk shekara. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, idan na'urar sanyaya ɗaki ta mutu ko batirin sola ya gaji, gwajin yana lalacewa a tsakiya, kwanson dala takwas ya tafi a banza, mara lafiya kuma ya koma gida yana tari a cikin iyalinsa. Maganin wata shida ne, wata biyu da ƙwayoyi iri huɗu, wata huɗu da iri biyu. Wanda ya katse a wata na uku don ya ji sauƙi, kuma babu mai bin sawunsa, shi ne ke iya dawowa da tarin da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta ninka ta farko tsada sau da yawa. Haka abin yake ga mai ƙanjamau da ya yi makonni bai sha ba.

Global Fund ma bai tsira ba. A tsakiyar 2025 ya zaftare kimanin dala biliyan 1.4 daga tallafin da ƙasashe suke cikin kashewa, saboda wasu alkawuran ba su zama kuɗi ba, ya ce kowace ƙasa ta sake jera abin da ya fi muhimmanci. Da aka zo jerawa, magani aka kare, aka yanke horo da sa ido da gyaran na'urori, wato daidai abubuwan da Malam Isuhu ya nuna su ne ke kai maganin bakin yaro.

Malama Saude

Likita, ka yi mini izini in ƙara ɓangaren rigakafi, tunda tsarinsa ya sha bamban. Gavi, wadda aka kafa a 2000, ba ta ba da allura kyauta zalla. Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi tana biyan senti 20 na dala a kan kowace allura. Da arzikinta ya ɗaga sai kasonta ya riƙa ƙaruwa da kashi 15 cikin 100 duk shekara, daga nan ta shiga zangon yaye, har ta koma biyan kuɗin gaba ɗaya. Najeriya ta isa yaye tun tuni bisa lissafin arziki, amma saboda miliyoyin yaran da ba a taɓa yi wa allura ko ɗaya ba, a 2018 aka tsawaita mata zuwa 2028.

Matsalar ita ce kason gida da dala ake biyansa, ta hannun sashen sayayya na UNICEF da ke Kopanhegan, kasafin kuɗi kuwa da naira ake rubuta shi. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin da aka ware don allura uku sai ya sayi ɗaya. Nijar ta tsira daga wannan tunda sefa a ɗaure take da yuro. Sannan kamfanonin allura suna tsara aikinsu watanni kafin lokaci. Kuɗin da aka saki a Nuwamba ba ya cike gurbin allurar da ya kamata ta iso a Afrilu.

Allurar maleriya ta shigo cikin wannan lissafin. Kamaru ce ta fara sa ta cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024, Najeriya ta fara a Disamban 2024 da jihohin Kebbi da Bayelsa. Sau huɗu ake yi, a wata 5 da 6 da 7, sai ta ƙarshe a wata 15. Ta huɗun ce ake yawan rasawa, domin iyaye sun saba cewa an gama rigakafi a wata tara. Kuma ba ta maye gurbin gidan sauro ko maganin damina, ƙari ce a kansu, don haka kuɗinta ma ƙari ne. A taron Burasal na Yunin 2025 Gavi ta nemi dala biliyan 11.9 na shekara biyar, ta samu sama da biliyan 9, Amurka kuma ta ce ba za ta ba da nata ba.

Hajiya Rabi

Malama Saude ta taɓo inda ya fi damuna. Global Fund ma yana da sharaɗin kason gida: aƙalla kashi 15 cikin 100 na rabon ƙasa ba ya fitowa sai ta nuna ta ƙara nata kuɗin a kan lafiya. Kuma ba abin da aka rubuta a kasafi ake dubawa ba, abin da aka saki aka kashe ake nema, da shaidarsa. A taron nan na Abuja na 2001 shugabanninmu sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Na tarayyar Najeriya ya daɗe yana yawo a kusa da kashi 5. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma shi ne ya kamata ya riƙe ƙananan asibitocin da kake magana a kai.

An ɗan motsa a 2025. A Fabrairu majalisar zartaswa ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen maganin ƙanjamau, majalisar dokoki kuma ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe giɓin. A Disamba aka sa hannu da Amurka kan yarjejeniyar shekara biyar, ita za ta ba da kusan dala biliyan 2.1, Najeriya ta ƙara kusan biliyan 3 daga aljihunta. Kayan aro ba ya rufe katara, wannan kowa ya yarda, amma ina tsoron a sauke nauyin da gaggawa kafin jihohi su shirya ɗauka.

Idan kana son bin sawun abin a jiharka, Malam Auwalu, kada ka tsaya a kan adadin da gwamna ya karanta ranar gabatar da kasafi. Nemi rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, yawancin jihohi suna wallafa shi yanzu, ka duba layin kason gida na shirye-shiryen lafiya, ka kwatanta abin da aka ware da abin da aka saki zuwa ƙarshen Yuni. A asibitin unguwarku kuma, kwamitin ci gaban mazaɓa yana da hurumin ya nemi ganin katin ajiyar kaya. A jikinsa akwai ranar da aka kawo abin gwajin zazzaɓi na ƙarshe, da guda nawa aka kawo, da ranar da ya ƙare.